Kyamarar ribas tana kawowa tana ɗaukewa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Motata ba ta zo da kyamarar baya ba, ni na sa aka ɗaura mata, tare da rediyo mai allo. Kusan wata biyu ke nan in na sa ribas wani lokaci hoto ya fito, wani lokaci allon ya yi baƙi ya rubuta "No Signal". Mai gyara ya ce kyamarar ce ta mutu, na sayi sabuwa aka sa, ta yi kwana uku lafiya lau, sai abin ya dawo. Yanzu kuma ya ce rediyon zan canza. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi rediyo tukuna. Daga bayanin da ka yi, zargina ya fi karkata ga waya, kuma ina kyautata zaton tsohuwar kyamarar da aka cire ma lafiyarta ƙalau. Ina fata ba ka jefar da ita ba, domin za ta yi mana amfani a gwaji.

Ga dalilina. Abu uku ne suke haɗuwa kafin ka ga bayan motarka a allo. Akwai siririyar wayar da ke sanar da rediyo cewa an sa ribas, ya bar waƙa ko taswira ya koma shafin kyamara. Akwai wutar da kyamarar ke ci, wadda masu ɗaurawa suka fi jawowa daga wayar fitilar ribas. Sai kuma doguwar wayar hoto mai kai ruwan ɗorawa, wadda ta taso daga but ta bi ƙarƙashin kafet har bayan rediyo, galibi tsawonta mita 6. Kai ka ce allon yana juyawa har ya rubuta "No Signal". Ke nan saƙon ribas ya isa, rediyo ya ji, ya buɗe ƙofa yana jiran hoto, hoton ne bai zo ba. Rubutun ma da kake gani shaida ce cewa allon yana aiki. Saura biyu: ko kyamara ba ta samun wuta, ko hoton yana yankewa a hanya.

Kwana ukun nan da sabuwar kyamara ta yi lafiya su ne bakin zaren. Da wuya kyamara biyu daban-daban su kamu da ciwo iri ɗaya a jere. Abin da ya fi faruwa shi ne, lokacin da ake sa sabuwar an ja wayoyi, an motsa soket, sai bakin wayar da ta karye ya sake haɗuwa. Da aka ci gaba da buɗe but ana rufewa, mota tana shiga gargada, sai ya sake rabuwa. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Kafin ka taɓa komai, ka shirya motar yadda ba za ta motsa ba, don duk gwajin nan a giyar ribas ake yin sa kuma mutum yana bayan mota. Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin hannu, ka tokare taya da katako ko dutse. Ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar da injin. Wani ya zauna a kujerar direba, ƙafarsa a kan birki. Wasu motoci masu giya otomatik ba sa shiga ribas sai injin yana aiki. In irinsu ce, kada ƙafar nan ta bar birki ko na daƙiƙa ɗaya, kai kuma ka tsaya ta gefe, ba tsakiyar bamba ba. A kori yara daga wurin.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sukudireba. A sa ribas, ka duba fararen fitilun baya. In suna kamawa suna ɗaukewa tare da hoton, matsalar tana can kafin wuta ta iso kyamara: fis ne ya saki a mazauninsa, ko makunnin ribas da ke jikin giyabos ya fara gajiya. In fitilun suna ci tsaf amma hoto babu, sai ka ɗaga murfin but a hankali, ka sauke, ka sake ɗagawa, wanda ke ciki idonsa a kan allo. In hoto ya kawo ko ya ɗauke a daidai wani tsayi na murfin, ka gama bincike. Duba wurin da wayoyi ke tsallakawa daga jikin mota zuwa murfin, kusa da hinji. A motoci masu ƙofar baya mai ɗagawa sama, za ka ga wata baƙar roba mai lanƙwasa kamar maƙogwaro, wayoyin suna cikinta. Duk buɗewa da rufewa sai sun tanƙwaru a wuri ɗaya, shekara da shekaru, har zaren jan ƙarfen da ke ciki ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ruɗar masu gyara a nan shi ne, sau da yawa rigar wayar ba ta nuna komai. An taɓa kawo mini wata mota da aka canza wa kyamara sau biyu. Na zare robar hinji, wayoyi shida suka fito sumul, babu tsaga babu ƙuna. Sai na riƙa kama kowace da yatsu biyu ina ja a hankali. Biyar suka tsaya ƙyam. Ta shida ta miƙe kamar roba, har tsakiyarta ya yi siriri ya yi fari. Da na yanka wurin, ƙarfen ciki ya rabu gida biyu, bakunan sun yi baƙi saboda 'yar tartsatsin da suke yi duk lokacin da suka taɓa juna. Waya mai lafiya ba ta miƙewa in an ja ta. Ka riƙe wannan gwajin, ya fi ido gaskiya.

In ka samu karayar a nan, kada a yi haɗi a daidai wurin da ke lanƙwasa. Haɗin dalma yana da tauri, zai sake karyewa a gefensa cikin 'yan watanni. A yanke tsawon kamar taƙi ɗaya ko fiye, a sa sabuwar waya mai laushi, haɗi ɗaya ya zauna cikin jikin mota, ɗaya cikin murfin, inda babu motsi. A like da dalma, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Sauran wayoyin da ke cikin robar ma a duba su, tunda tare suka sha wahalar.

To, in motsa murfin bai canza komai ba, ko kuma kyamararka a bamba take, sai a cire kwalin da ya rufe cikin but a bi haɗe-haɗen da mai ɗaurawa ya yi. Wurare uku nake fara dubawa. Na farko inda aka ɗauki wuta daga wayar fitilar ribas. Da yawa sukan fere wayar, su murɗa jar wayar kyamara a kai, su naɗe da salatif. Zafi yana narkar da gam ɗin salatif, murɗin ya saki. Wasu kuma suna amfani da 'yan maƙalan roba masu cizon waya, waɗanda ke yanke rabin zaren tun ranar farko. Na biyu, baƙar wayar nagetif da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Ita ce aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi ba da wahala. In an ɗaure ta a kan fenti, ko a noti mai tsatsa, ko a jikin murfin but wanda hinji kawai ya haɗa shi da sauran mota, wuta za ta riƙa wucewa yau ta ƙi gobe. A kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a sa mata zobe, a ɗaure tamau a jikin motar kanta. Na uku, wurin da gajeriyar wutsiyar kyamara ta haɗu da doguwar wayar hoto. Wannan haɗin yakan faɗo daidai inda ruwa ke zirarowa ta ramin da aka huda wa kyamara. Ka zare ka duba. In ka ga kore-koren tsatsa a bakinsa, shi ne. Ka tuna ko abin ya fi tsananta bayan wankin mota ko bayan ruwan sama.

Yanzu mita, wato na'urar auna wuta. A sa ta a ma'aunin wutar batir, a kan 20. Mota tana tsaye a giyar ribas, jan tsinke a jar wayar kyamara, baƙi a baƙar wayarta. Injin a kashe ya kamata ka ga tsakanin volt 12 da 12.6, in yana aiki kuma wajen 13.5 zuwa 14.5. In ba ka ga komai ba, ka bar jan tsinken a inda yake, ka mayar da baƙin kan tsiraran ƙarfen mota. In 12 ta fito, wutar tana zuwa, nagetif ne ya yanke. In har yanzu babu, jar wayar za a bi baya. Kuma kada ka auna sau ɗaya ka ce lafiya. Ciwon da ke zuwa yana tafiya sai an tsokane shi: mita tana maƙale, ka riƙa girgiza wayoyin gaɓa-gaɓa kana kallon lambar. Akwai wani tarko kuma. Mita ba ta jan wuta, don haka ko zare ɗaya tak ya rage a waya za ta nuna maka 12 cif. Shi ya sa nake haɗawa da fitilar gwaji mai ƙwai. In ƙwan ya yi ja-ja maimakon haske sosai, hanyar ta ƙuntata. Wannan fitila a kan wayar fitilar ribas kawai za ka sa ta, ban da wayoyin da ke shiga kwamfutar mota.

In wuta ta tabbata, saura wayar hoto, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a tsallake ta gaba ɗaya. A samo wata doguwa, a jona daga kyamara, a bi da ita ta kan kujeru a fili zuwa bayan rediyo. Ka yi kwana biyu kana yawo da ita haka. In hoto bai sake ɗaukewa ba, wadda aka binne ce ta lalace, watakila an matse ta a ƙarƙashin ƙarfen kujera ko sukurun dokin ƙofa ya huda ta. Tunda an zaro rediyo, a duba bakin da aka soka wayar. A bayansa akwai bakuna masu ruwan ɗorawa har uku ko huɗu, na kyamara shi ne mai rubutun "CAM IN" ko makamancinsa, kuma yakan yi sako-sako in an tura rediyo an danne wayoyin.

Tsohuwar kyamarar kuma, ka ba ta wuta kai tsaye daga batir mai volt 12, ka soka wayar hotonta a bakin ruwan ɗorawa na talabijin. In hoto ya fito ya zauna, ka san an shafa mata kashin kaji ne. Da ita za a yanke wa rediyon hukunci: a jona ta da gajeriyar waya a bayansa, a ba ta tsayayyiyar wuta. In a haka ma hoto yana ɗaukewa, sannan ne maganar mai gyaranka ta tabbata. Kafin wannan gwajin, sayen rediyo lalube ne cikin duhu. Abu ɗaya da za a kula: kyamarori masu sabon tsarin hoto da ake kira AHD, waɗanda ake haɗawa da rediyoyin Android, bakinsu iri ɗaya ne da na da, amma talabijin ba ya karanta hotonsu yadda ya kamata, don haka kada a ce sun mutu saboda wannan.

Tunda wasu masu irin wannan damuwa za su karanta, bari in taɓo sauran alamomin, don kowace da inda take nunawa.

In an sa ribas allon bai ko motsa ba, waƙa tana ci gaba, wayar sanarwa ce ko abin da ke bayanta. Fitilun ribas a mace? A duba fis, sau da yawa an rubuta masa "BACK UP" a murfin akwatin, sannan makunnin giyabos. Fitilu suna ci? A bi wayar da aka rubuta wa "REVERSE" ko "BACK" a bayan rediyo. A rediyoyin Pioneer da Kenwood launinta shunayya da fari. Ya kamata ta samu volt 12 da zarar an sa ribas. A kuma leƙa saitin rediyo, musamman in kwanan nan aka cire batir, domin wasu suna mance saitinsu su kashe shafin kyamara. Pioneer ma tana da saitin da in aka juya shi, kyamara za ta riƙa fitowa kana tafiya gaba ta ɓace in ka sa ribas.

In hoto tsaf yake injin a kashe, amma da an tayar sai ya fara rawa ko ya ɗauke, ka tambayi ƙirar motar. Motocin Turai da yawa, irin su Volkswagen, BMW da Mercedes, kwamfuta ce ke ba fitilu wuta, kuma a yanke-yanke take ba su cikin sauri, tana kuma lura ko ƙwai ya mutu. Ƙwan fitila bai damu da hakan ba, kyamara kuwa ba ta jurewa. Maganinsa rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa: wayar fitila ta kunna rile kawai, kyamara ta sha wuta mai tsafta daga layin da ke kamawa da makulli, da fis nata. In kuma layuka ne ke bi ta kan hoton suna ƙaruwa in ka taka totur, ƙarar altaneta ce ke shiga, ko dai ta rashin kyan nagetif, ko don an shimfiɗa wayar hoto jiki da jiki da kakkaurar wayar amfilifaya. Hoton da ke birgima sama ko ya koma baƙi da fari, rashin jituwa ne tsakanin tsarin hoto na NTSC da na PAL, ko AHD da tsohon tsari, a saiti ake gyarawa. Hoto a juye, dama ta koma hagu, shi ma saiti ne, ko 'yar wayar zobe da ke wutsiyar wasu kyamarori wadda ake yankewa don sauya shi. Kyamarori masu aiki ba tare da waya ba kuwa yawancinsu a zangon gigahaz 2.4 suke, inda Wi-Fi da Bluetooth ke cunkushe, don haka yankewar hoto ɗabi'arsu ce. Ni ina ba da shawarar mai waya duk inda zai yiwu.

Inda kyamara ke da laifi da gaske shi ne hoto mai hazo. A fara goge gilashin da laushin ƙyalle mai ɗan ruwa, kada a goge ƙura a bushe, kada kuma a sa fetur ko tina, suna cinye fuskar roba. In an goge hazon yana nan, ka haska tocila a ciki. Ɗigon raɓa a bayan gilashi yana nufin hatimin ya buɗe. Ko an shanya ta ta washe, ruwan farko zai mayar da ita, sai dai canji. Alamar IP67 da ke jikin kwali tana nufin ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, ba ta yi alkawarin jure bakin injin wanki mai ƙarfi ba. A gaya wa mai wanki ya ja baya da shi daga kyamara.

Duk abin da na faɗa a kan kyamarar da aka ɗaura daga baya ne, irin taka. Wadda ta zo daga kamfani sai an yi hattara. Da yawa cikin na motocin Japan, kamar Toyota, wajen volt 6 suke ci, kuma rediyo ne ke ba su. Wanda ya auna ya ga 6 ya ɗauka wuta ta yi ƙasa, ya jona mata 12 daga fitila, ya ƙone ta nan take. Sababbin motoci kuma hoton dijital suke aikawa ta waya guda mai kauri da kai mai maƙalli, wuta da hoto duk a ciki, ba a yanka ta a murɗa. Irin waɗannan sai an sa na'urar karanta kwamfutar mota, kuma bayan canji wasu suna buƙatar a daidaita su, musamman masu kyamara huɗu da ke nuna mota ta sama. In layukan jagora sun daina lanƙwasa da sitiyari, a nemi sensar sitiyari, ba kyamara ba.

Mai irin wannan mota ya bincika ko kamfani ya yi kiranye a kanta, wato ya nemi a dawo da irinta don gyara, da lambar shasi mai harafi da lamba 17. A Amurka, tun 1 ga Mayu 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a duk sabuwar motar da nauyinta haɗe da lodinta bai wuce kilo 4,536 ba, kuma dole hoton ya fito cikin daƙiƙa 2 da sa ribas, shi ya sa lalacewarta ke jawo kiranye a hukumance. A 2023 Honda ta kira kusan motoci miliyan 1.2, Odyssey da Pilot da Passport, saboda mahaɗin wayar da ke hana hoto fitowa. A 2025 Ford ta kira sama da miliyan 1 saboda kuskuren manhaja da ke daskarar da hoton. Ko ba ka ƙasar da ake gyarawa kyauta, sanarwar tana nuna wa mai gyara ainihin wurin da zai duba.

Dokar nan ta samo asali ne daga mutuwar wani yaro ɗan shekara 2 da mahaifinsa ya taka da mota yana ribas a ƙofar gida a 2002, bai gan shi ba. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan gyara a matsayin kayan ado. Kuma kyamara mai kawowa tana ɗaukewa ta fi matacciya haɗari, don idonka ya saba da allo, kana jiran hoto ƙafarka ta riga ta saki birki. Har a gama gyara, ka ɗauka babu ita: ka zagaya bayan mota kafin ka shiga, ka yi aiki da madubai, ka waiwaya.

Ka koma wurin mai gyaran naka da tsohuwar kyamarar a hannu, ka roƙe shi ku yi gwajin murfin but tare, sannan nagetif, sannan wayar hoto ta waje. In duk an yi abin bai fito ba, ka rubuto mini ƙirar motar da shekararta, sunan rediyon, inda kyamarar take a maƙale, da lambar da mita ta nuna a jar waya daidai lokacin da allon ya yi baƙi.